Marubuci, Ka Ba Da Hayar Littafinka, Kada Ka Sayar

Makon da ya wuce ƙanwar wani abokina ta turo mini takarda mai shafi 9, ta ce in taya ta murna. Wani kamfanin ɗab'i ya karɓi littafinta na farko, bayan ta shafe shekara uku tana rubutawa tana gogewa. Ta ce, "Yaya, don Allah duba mini ko sun rubuta sunana daidai, gobe zan sa hannu."

Sunanta daidai yake. Abin da ya tsaya mini a rai yana shafi na 2, cikin wata doguwar jimla da numfashi ɗaya ba ya kai mutum ƙarshenta. Wai ta mallaka wa kamfanin dukkan haƙƙin littafin, a kowane harshe, a kowace ƙasa, ta kowace hanyar da aka sani yau da wadda za a ƙirƙiro gobe, har ranar da haƙƙin mallakar zai ƙare.

Na tambaye ta ko ta san yaushe ce wannan ranar. Ta ce ba ta sani ba, amma kashi 10 za a riƙa ba ta, kuma an gaya mata kashi 10 ba laifi.

Nan ne muke yin tuntuɓe, mu marubuta. Da an miƙo mana yarjejeniya sai idonmu ya tafi wurin kaso, kamar shi kaɗai aka rubuta. Ni a ganina kaso shi ne na biyu. Abu na farko shi ne: shekara nawa kamfani zai riƙe littafin, kuma ta wace ƙofa zai dawo hannun mai shi? Littafi abu ne da ya kamata a ba da haya na wani wa'adi, a kan wasu hanyoyi da aka ambata da suna. Duk yarjejeniyar da ba ta da ƙofar dawowa sayarwa ce, ko da an yi mata ado da wani suna.

Yaushe ne haƙƙin zai ƙare?

Haƙƙin mallaka yana hawa kan rubutu da zarar mutum ya rubuta abinsa na ƙashin kansa. A ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Bern ta 1886 kan kare haƙƙin marubuta, waɗanda yanzu sun haura 180, ba sai an yi rajista ba. Mafi ƙarancin abin da yarjejeniyar ta yarda da shi shi ne tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 50 bayan rasuwarsa. Amurka da Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai da Najeriya sun kai nasu 70.

To mu buga lissafi. Yarinyar nan shekararta 28. In Allah ya ja kwananta ta kai 78, shekara 50 ke nan. A ɗora 70 a kai, 120. Cikin wannan tsawon lokaci editan da ya ƙaunaci littafin zai yi ritaya, mai kamfanin zai tsufa, watakila magadansa su sayar da kamfanin, wanda ya saya shi ma ya sayar. Tattaɓa-kunnenta ne za su yi ta neman lambar wayar wani kamfani da ba a kafa ba tukuna, suna tambayar littafin kakar iyayensu.

Abin mamaki, waɗanda suka fara kafa wannan haƙƙi sun hango matsalar. Dokar da Birtaniya ta yi a 1710, zamanin Sarauniya Anne, wadda ake ɗauka ita ce dokar haƙƙin mallaka ta farko irin ta zamani, shekara 14 ta ba sabon littafi. In wa'adin ya cika marubuci yana raye, haƙƙin ya koma hannunsa na wasu shekaru 14. Wato tun ranar farko an gina abin da ƙofar dawowa. Daga baya ne wa'adi ya yi ta tsawo, ƙofar kuma ta yi ta ƙanƙancewa.

"Ai su suka zuba kuɗinsu"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Kamfani ne ke biyan edita da mai zanen bango da mai tsara shafi. Shi ke sayen takarda, ya biya maɗaba'a, ya yi hayar sito, ya kai kaya shaguna, ya jira watanni kafin a biya shi. A wasu kasuwannin ma shago yana da damar mayar da abin da bai sayu ba. In ya ba marubuci kafin-alƙalami littafin bai tafi ba, yawanci kuɗin sun tafi ke nan. Littattafai da yawa ba sa mayar da uwar kuɗi, 'yan kaɗan da suka yi kasuwa su ke ɗaukar nauyin sauran. Wanda ya ɗauki wannan kasadar ya cancanci a ba shi fili ya ci riba, ba tare da fargabar gobe marubuci zai kwashe littafin ya kai wa abokin hamayyarsa ba.

Na yarda da duk wannan. Tambayata ita ce, shekara nawa ake bukata? Duk wanda ya taɓa zama kusa da harkar littafi ya san yawancin littattafai a shekarunsu na farko suke cin kasuwarsu. Ba a buga littafi da niyyar a mayar da kuɗin takarda a shekara ta 60.

Kuma su kamfanonin sun fi kowa sanin haka. Ku dubi yadda suke ciniki a tsakaninsu. Idan kamfanin Faransa zai fassara littafin da kamfanin Ingila ke riƙe da shi, ba a mallaka masa har abada. Wa'adi ake yanka masa, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 10, in ya cika a sake zama. Kamfanin da ya fassara shi ma ya biya mai fassara, ya biya maɗaba'a, ya ɗauki kasada, amma wa'adin ya ishe shi. Me ya sa abin da ya wadaci kamfani idan da ɗan'uwansa kamfani yake ciniki, ba ya wadatarsa idan marubuci ne a gabansa?

Amsar a fili take. Kamfani ba ya neman shekara 120 don ya mayar da kuɗinsa. Yana nema ne don ko da wata rana littafin ya fashe, ya zamana shi ke riƙe da igiya. Ba haramun ba ne mutum ya so haka. Amma sai a kira abin da sunansa, a kuma biya kuɗinsa.

A 1938 wasu samari biyu a Amurka, Jerry Siegel da Joe Shuster, suka sayar da labarin Superman da duk haƙƙinsa a kan Dala 130. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: mujallu, rediyo, finafinai, kayan wasan yara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1975, bayan shari'o'i da surutun jama'a, aka yanka wa kowannensu Dala 20,000 a shekara aka kuma mayar da sunayensu kan aikin. Shi kansa cakin Dala 130 ɗin da aka ba su, an yi gwanjonsa a 2012 a kan Dala 160,000.

Za a ce ai irin wannan ɗaya ne cikin miliyan. Haka ne. Shi ya sa labarin da ya fi tayar mini da hankali wani ne daban.

Littafin da aka saya aka kulle

A 1803 Jane Austen ta sayar wa wani kamfani a Landan rubutun wani labari nata a kan Fam 10. Kamfanin ya yi tallarsa, sannan ya yi shiru. Shekara shida littafi bai fito ba. Da ta rubuta musu a 1809, amsar da ta samu ita ce ba a taɓa yanka ranar bugawa ba, in kuma wani ya buga za su ɗauki mataki, amma in tana so ta kawo Fam 10 ta karɓi abinta. Sai a 1816 aka fanso shi. Ya fito da sunan Northanger Abbey a ƙarshen 1817, watanni bayan rasuwarta.

Wannan shi ne abin da ke samun marubuta da yawa, ba na Superman ba. Ba wanda ya yi kuɗi da littafinka, ba wanda ya sace maka komai. Kawai dai an karɓa an ajiye. Ba a sake bugawa, ba a talla, ba a amsa wasiƙa, kai kuma ba ka da ikon kai shi wani wuri. Mai karatu ya tambaye ka inda zai samu, ka rasa abin da za ka ce masa.

Wani zai ce ai yarjejeniyoyi suna da sharaɗin cewa in littafi ya ƙare a kasuwa kamfani bai sake bugawa ba, haƙƙi ya koma wa marubuci. Da can wannan sharaɗi yana da haƙora. In kwafi sun ƙare a sito, dole kamfani ya zaɓa: ko ya sake zuba kuɗi ya buga, ko ya saki. Yanzu fa? Akwai injinan da ke buga kwafi ɗaya tak idan an yi oda, akwai kuma littafin lantarki da ke zaune a intanet ba ya cin ko sisi. Ta wannan ma'aunin babu littafin da zai taɓa ƙarewa a kasuwa. Ko kwafi uku ake sayarwa a shekara, kamfani zai ce ga shi nan ana samu.

Saboda haka dole a sauya ma'aunin. A rubuta adadi ƙarara: in abin da aka sayar cikin shekara bai kai kwafi kaza ba, marubuci ya rubuto takarda, kamfani yana da wata shida ko tara ya farfaɗo da littafin, in ya kasa ya saki. A kuma rubuta ranar da za a buga tun farko, ko wata 18 ko 24 daga ranar miƙa rubutu. Layi biyu ne kawai, amma da suna cikin takardar Jane Austen da ta ga littafin nan da idonta.

Cinikin biri a sama

Sai mu koma kan "kowace hanyar da za a ƙirƙiro gobe". Mutane da yawa suna ɗauka littafi haƙƙi ɗaya ne. Alhali dami ne: bugu a takarda, littafin lantarki, karantawa a naɗi murya, fassara, mayarwa fim ko wasan kwaikwayo, ɗibar wani yanki a sa a littafin makaranta. Kowanne ana iya ba da shi daban, ga mutum daban, da farashi daban.

Kalmomi a nan suna da tsada. A 2001 kamfanin Random House ya kai wani ƙaramin kamfani mai suna Rosetta Books kotu a Amurka, saboda ya fitar da littattafan wasu marubutansa ta lantarki. Tsofaffin yarjejeniyoyin sun ba Random House ikon buga aikin a sigar littafi. Kotu ta ƙi dakatar da Rosetta, ta ga cewa wannan lafazin bai haɗa da littafin lantarki ba. Marubutan sun tsira ne don an rubuta takardunsu kafin a san abin. Lauyoyin kamfanoni sun ɗauki darasi, shi ya sa yau jimlar take haɗawa har da abin da ba a haifa ba.

Ga shi kuwa an haife shi. Wa ya yi tunani shekara 15 da suka wuce cewa za a riƙa ciniki a kan amfani da littattafai wajen horar da ƙirƙirarriyar basira? A 2023 ƙungiyar marubutan Amurka, Authors Guild, sai da ta fitar da samfurin sharaɗi na musamman a kan wannan, don marubuta su saka a yarjejeniyoyinsu. Wanda ya riga ya sa hannu kan "kowace hanya" kuwa, ya shiga gardamar da rauni.

Ƙa'idata a nan mai sauƙi ce. Kamfani ya karɓi abin da zai iya aiki da shi. In ba ya da sashen sayar da haƙƙin fassara, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, me zai yi da harsunan duniya? In bai san ko mai shirya fim ɗaya ba, riƙe haƙƙin fim na mene ne? In ya dage yana so, a ba shi shekara biyu ko uku ya gwada, in bai yi komai ba abin ya dawo.

Kashi 10 na me?

Ban ce kaso ba shi da muhimmanci ba. Amma ko a nan, lambar ba ita ce magana ba, abin da aka ɗora ta a kai ne. A ce farashin da aka rubuta a bangon littafi 100 ne. Kashi 10 na farashin bango, 10 ke nan. In kuwa aka ce kashi 10 na abin da ya shigo hannun kamfani, aka kuma yi wa mai sari rangwamen rabi, 5 za ka samu. Lamba ɗaya, kuɗi biyu. Akwai ma masu rubuta "bayan an cire ɗawainiya" ba tare da sun faɗi wace ɗawainiya ba, wanda hakan na iya mayar da 5 ɗin ta koma babu.

Kuma kowane kaso banza ne in ba ka san kwafi nawa aka buga, nawa aka sayar ba. Takardar lissafi aƙalla sau ɗaya a shekara, da damar ka turo akawu ya duba littattafan kamfani, bai kamata su zama alfarma ba.

"Haka takardarmu take, kowa ita yake sa wa hannu"

Wannan ce ta fi cin sabon marubuci. Ya daɗe yana jira, an ƙi shi sau goma, yau an ce to. Yana tsoron in ya buɗe baki a ce ya cika fitina a janye. Da babu gara ba daɗi, in ji shi.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Kamfani na da rubuce-rubuce jibge a tebur, shi kuwa ɗaya gare shi. Manyan marubuta suna da dillalai masu karɓar la'ada, yawanci kashi 15, su yi musu wannan faɗan. Sabon shiga shi kaɗai ne da alƙalaminsa.

Amma takardar da ake cewa ba a taɓa ta, lauyan kamfani ne ya rubuta ta, kuma ya rubuta ne ta yadda za ta fi yi wa wanda ya biya shi daɗi. Farashin farko ne, irin wanda mai kaya ke faɗa yana jiran a taya. Kamfanin da ya kashe lokaci ya karanta rubutunka ya zaɓe shi, da wuya ya watsar don ka yi tambaya cikin ladabi. In kuwa ya watsar saboda ka tambayi yaushe littafinka zai dawo, to ka ga irin zaman da za ku yi shekara 120.

Saboda wannan rashin daidaiton ne ma wasu ƙasashe suka daina barin abin a hannun ciniki kawai. Dokar Amurka ta 1976 ta ba marubuci ikon soke mallakawar da ya yi bayan shekara 35, ko me takarda ta ce, sai dai in aikin na ɗan ƙwadago ne da aka ɗauka ya rubuta. Jamus ta gyara dokarta a 2002 ta ce dole ladan marubuci ya zama wanda ya dace, in kuma aiki ya yi kasuwar da ta sa ladan farko ya zama abin dariya, marubuci na iya neman ƙari. A 2019 Tarayyar Turai ta shimfiɗa wa ƙasashenta irin wannan: bayanin lissafi aƙalla sau ɗaya a shekara, damar neman ƙarin lada, da damar karɓe haƙƙi in an ajiye aiki ba a amfani da shi. Kamfanonin ɗab'i a waɗannan ƙasashe ba su rufe ba. Ina ganin duk ƙungiyar marubutan da ke neman abin da za ta matsa wa majalisa a kai, ga shi nan, ya fi taron karrama juna amfani.

Masu cewa amana ta wadatar

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, inda babu shafi 9, babu ko shafi ɗaya. Mai bugawa abokinka ne ko malaminka, kun yi magana da baki, kun yi musabaha. Neman takarda sai ya zama kamar ka ce ba ka yarda da shi ba.

Kunyar nan tana da tsada. Mutanen kirki ma suna mantuwa, suna rasuwa, magada kuma ba su halarci musabahar ba. Dokokin ƙasashe da yawa ba sa ma amincewa da mallaka haƙƙi sai a rubuce da sa hannu, wato shi kansa mai bugawar yana cikin haɗari in babu takarda. Rubutawa kariya ce gare ku duka, kuma ta fi sauƙi ranar da kuke dariya da juna.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne kamfanin da zai karɓi kuɗin bugu daga aljihun marubuci, sannan ya rubuta cewa haƙƙin nasa ne. Hujjar kamfani ɗaya ce, kasada. In ni na biya, ni na ɗauki kasadar, kai aiki na ba ka kamar yadda zan ba tela ɗinki. Tela ba ya riƙe riga.

A daki jaki a daki taiki. Mu ma marubuta muna da namu. Akwai mai karɓar kafin-alƙalami ya ɓace shekara biyu. Akwai mai ba kamfani biyu rubutu ɗaya. Akwai wanda littafinsa na fitowa zai raba shi kyauta a waya, sannan ya zo yana ƙorafin ba a sayar ba. Akwai mai kwaso rubutun wani ya cusa a nasa, in rigima ta tashi kamfani ne a gaba. Yarjejeniya mai kyau tana ɗaure mu mu ma, kuma daidai ne ta ɗaure mu. Wanda ke neman a yanka wa kamfani wa'adi, sai ya fara cika nasa.

Ƙanwar abokin nawa ba ta sa hannu washegari ba. Mun zauna mun rubuta wasiƙa gajera, ta yi godiya, ta nemi abu uku: wa'adin shekara 10, a cire fim da fassara, a kuma sa adadin kwafin da in an gaza shi littafin zai dawo mata. Kwana biyar ba amsa, ta kira ni har sau biyu tana cewa, "Yaya, ka ja mini." Rana ta shida suka rubuto. Sun cire fim da fassara, sun yarda da adadin kwafi bayan sun rage shi. Wa'adin shekara 10 kuwa sun ƙi, suka ce ba sa yi wa kowa.

Ta sa hannu a haka. Ni da na ƙara ja kaɗan, amma littafinta ne.